Langar Goggo da Na Bari a Sito

Duk mai lodin da ya taɓa aiki da ni a tashar Ƙaraye ya san ba ni da daɗin sha'ani. Buhun gyaɗa ɗaya aka ɗora ba inda na ce ba, sai an sauke shi, ko mota ta cika fal, ko fasinja suna ta tsaki. Kayan da za su fara sauka su ne ƙarshen hawa, mai nauyi a ƙasa, kalanzir kuma ba ya zama kusa da gari. Ina jin su suna ce min masifaffen tsohon soja, ban damu ba. Abu ɗaya ne suka kasa gane kansa. In tsohuwa ta miƙo ƙunshi ta ce a kai wa ɗanta a Rogo, ba ya hawa bodi, gaba yake zama kusa da ni, kuma sai na damƙa shi hannu da hannu kafin in sha ruwa. Suna cewa ashe ina da kirki. Wallahi ba kirki ba ne, tsoro ne, kuma yau nake so in faɗi inda ya samo asali.

Shekara ashirin da biyu na yi a soja, a ɓangaren masu kai kaya: abinci, ruwa, mai, harsashi, takalmi, bargo, magani. Ban taɓa harbin kowa ba. An ba ni bindiga, tana nan jingine a gefen giyar mota, amma aikina sitiyari ne da tamfol da igiya. Mutanen gari in an ce soja, mai gudu da bindiga a daji suke hangowa, ba wanda ke tambayar wa ya kai masa ruwan da ya sha da safe. Wani tsohon samanja ne ya koya mana lodi, mai baƙin rai da warin taba. Ya taɓa sa mu sauke mota guda cur da tsakar rana don kawai mun tura gishiri can ƙurya. Ya ce in mun isa sansani aka ɗora wake, sai mun kwashe rabin mota kafin a samu gishiri, alhali mutane tun jiya rabonsu da abinci. Ranar na tsane shi kamar me. Yau da bakinsa nake zagin masu yi min lodi.

Abin ma gado ne. Kakana na wajen uba ɗan dako ne a yaƙin Turawa. Ba su ba shi bindiga ba, akwati suka ɗora masa a ka, ya bi sojoji cikin dazukan wata ƙasa da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Da ya dawo garinmu Kurugu gashin tsakiyar kansa bai sake fitowa ba, yakan cire hula ya nuna mana sanƙon ya ce ga lambar girmansa nan. Yana yawan cewa tun zamanin kibiya da mashi ba a taɓa fita yaƙi ba sai da masu jakuna da masu tulu a baya, amma in maroƙa sun tashi yabo ba ka jin an ambaci mai jaki. Muna yara muna ta dariya. Sai da na girma na gane tsohon ba wasa yake yi ba, ciwo abin yake masa.

Mu biyu ne muke zama gabansa muna wannan dariyar, ni da taubashina. Ɗan goggona ne, ƙanwar babana da aka kai aure wani ƙauye a gefen Rogo Ruma. Shi ne ɗanta na fari, don haka ana yaye shi aka kawo shi gidanmu wajen kakarmu, muka tashi tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Goggo kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, in ya gaishe ta sai ta amsa wa bango. In dole ta kama ta ambace shi sai ta ce "wancan" ko "abokin wasanka". Ni take ja a jiki, ni take ɓoye wa ƙwan zabi. Shi kuma yakan rama a kaina da baki, don Allah ya ba shi baki. Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ai babu fushi, kowa ya san wannan. Taubashi ya zage ka ka zage shi, a yi dariya a tashi. Ni ne dai Allah ya yi mai saurin hawa, shi kuma ya san daidai inda zai taɓa.

Ya riga ni shiga soja da shekara biyu, ya zama mai riƙe bindiga, ni aka tura ni wajen motoci. Tun daga nan ya laƙaba min sojan tuwo. Shekaru muka yi kowa da barikinsa, sai rikicin arewa maso gabas ya haɗa mu. Shi yana wani sansani can cikin daji, ni ina babban sito a gari, duk ranar Alhamis ayarin motocinmu yakan kai musu kaya.

Wata Alhamis a ƙarshen damina ba mu isa ba sai Asabar. Laka ta riƙe mu yini guda, washegari kuma motar da ke gabana ta taka nakiya. Direban bai mutu ba, amma ƙafarsa ta dama a nan muka bar ta. Ni na tallabo shi zuwa motar asibiti. Da muka shiga sansanin da la'asar, jininsa yana nan a wandona ya bushe ya yi tauri. Ban gama kashe mota ba na ji muryar taubashina.

"Jama'a, kowa ya tashi tsaye! Sojan tuwo ya iso!"

Ya zaro ludayi daga tukunyar kuku, ya taho da tafiyar fareti, ya ɗora min shi a kafaɗa. Ya ce saboda jarumtar da na nuna wajen barin bayin Allah da yunwa kwana biyu, an ƙara min girma, daga yau ni ne kwamandan miya. Ya ƙame ya sara min. Sansanin gaba ɗaya ya ɗauki dariya, har da wani hafsa da ke tsaye gefe.

In zan yi masa adalci, kwana biyu suka yi suna shan garin kwaki da ruwan sama, kuma bai san abin da ya same mu a hanya ba. Da na buɗe baki na faɗa, da shi zai fara jin kunya. Ban faɗa ba. Na ture ludayin ya faɗi cikin laka, na juya na fara kwance igiyar tamfol. Na ƙulle abin a raina, na yi ta juya shi duk hanyar komawa.

Bayan wata guda na samu hutu na zo gida. Kaka ta yi, ko'ina ana tugar gyaɗa. Ana gobe zan koma na hau babur na tafi Rogo in yi wa Goggo sallama. Na same ta a bakin murhu, idonta ya yi ja da hayaƙi, ga gashin kaji a warwatse a gindin turmi. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Kurugu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi aiki, ta tambayi hanya, ta tambayi ko ana samun ruwan alwala a can. Ba ta tambayi ɗanta ba. Ni ma don mugunta ban kawo zancensa ba.

Sai da na miƙe zan tafi ta shiga ɗaki ta fito da langa, fara mai jan fure, gefen murfin ya ɗan ɓantare. Ta ɗaure ta tam da tsohon kallabinta. Ta ajiye a gabana tana kallon wani waje.

"Ga wannan. In hanya ta bi da kai ta wajen wancan, to. In ba ta bi ba, ka ba duk wanda ka ga yana so."

"Goggo, mene ne a ciki?"

"Kai dai ɗauki. A dawo min da langata."

Ƙanshin ya riga ya gaya min: dambun kaza ne da ya sha man gyaɗa da citta. Da na koma gida innata ta ga langar, ta riƙe baki. Ta ce kaji biyu kacal Goggo take da su, su ta yanka, kuma tun da ta zo gidan nan ba ta taɓa ganin Goggo ta aika wa yaron nan ko tsinken goro ba. Ta ce, "Tsoro ne ya fi ƙarfin kunya. Ka riƙe amana."

Na kuwa riƙe. Kwana biyu ina canza motar haya, langar tana kan cinyata, ko wajen salla ba na yarda in bar ta a kujera. Har sito na kai ta lafiya lau.

Ranar Alhamis da sassafe muka yi lodi. Saƙon mutane ba ya shiga takardar kaya, al'adarmu ce dai tsakanin direbobi: wasiƙa, ƙullin yaji, hoton jariri, duk a bayan kujera ake cusa su, su ne kuma ake fara miƙawa kafin a taɓa buhu ko ɗaya. Na sa na kowa. Na ɗauko langar, na sa ƙafa ɗaya a matakalar mota, sai ludayin nan ya faɗo min a rai. Na ji dariyar nan sabuwa fil. Na ce a raina, to, tunda sojan tuwo ne, bari mai bindiga ya ɗanɗana jira. Dambu ai ba ya lalacewa a sati guda. Na sauko, na koma cikin sito, na ɗora ta a kan kanta bayan kwalayen sabulu.

Ba mantuwa na yi ba. Na sha gaya wa kaina mantuwa ce, har na kusa yarda, amma ƙarya ne. Da hankalina na ajiye ta, har ina murmushi.

Muka isa da azahar. Ina raba saƙonni sai ga shi ya taho, ya rame, leɓensa ya tsage. Wannan karon bai yi ihu ba.

"An ce ka je gida."

"Na je."

"Ka leƙa Rogo?"

"Na leƙa."

"Goggon taka fa?"

"Lafiyarta ƙalau. Tana gaishe ka."

Ya dubi hannuna, ya leƙa bayan kujera inda sauran ƙunshin mutane suke. Na ga idonsa yana bin su ɗaya ɗaya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Sai ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Kai ma ka ƙara gishiri. Ita ce za ta ce a gaishe ni? Ai na san halin abata. Ni ko sunana bai taɓa shiga bakinta ba, balle ta tuna ina cin abinci." Ya daki kafaɗata, ya kama jarkar ruwa biyu ya taya mu sauke kaya, abin da ba aikinsa ba. Da muka gama ya kawo min shayi a kofinsa, ya tsuguna kusa da ni ya ce, "An gaya min abin da ya samu mutuminku rannan. Wallahi ban sani ba lokacin. Ka san bakina."

Wannan ban haƙuri ne, kuma a wajen taubashi babu wanda ya fi shi. A nan ya kamata in ce masa ƙarya nake, uwarka ta yanka kajinta biyu dominka, suna can na ɓoye don haushi. Kalma nawa ce? Amma yanzu kunya ce ta riƙe ni, ba fushi ba. Na ce a raina Alhamis mai zuwa zan kawo in ce ta shige cikin kaya ban gani ba, in ga yadda fuskarsa za ta yi. Na shanye shayin na miƙa masa kofinsa.

Ranar Talata aka yi musu kwanton ɓauna a hanyar sintiri. Su huɗu suka rasu, yana ciki. A can aka yi musu sutura.

Alhamis ta zo muka yi lodi kamar kullum, don masu rai ba su daina cin abinci ba. A dawowa aka ɗora min jakunkuna huɗu a bodi. Wannan ma aikinmu ne da ba a faɗa: mu kai wa mai rai kayansa, mu dawo da na mamaci. Jakarsa na sa ta gaba kusa da ni, inda langar ya kamata ta zauna sati ɗaya da ya wuce.

Ita kuwa langar tana nan bayan sabulu. Kullum na shiga sito ina jin ta a ƙeyata. Na kasa ci, na kasa bai wa kowa, don duk wanda na ba sai ya tambayi ta wace ce, kuma kowa a wurin ya san taubashina ne ya rasu. Sati shida ta yi a cikin zafin rufin kwanon nan kafin a ba ni izinin zuwa ta'aziyya. Da na kwance kallabin na ɗaga murfi, dambun ya yi kore, man ya yi ɗoyi. A gefe akwai ƙullin yaji da dunƙulen dakuwa guda bakwai, irin wadda yake sata a ɗakin kakarmu muna yara. Ashe ta sani. Na haƙa rami a bayan sito na juye, na tura ƙasa da takalmina. Na wanke langar da toka da sabulu har sau uku, na wanke kallabin na shanya.

Da na isa gidan Goggo an daɗe da share makoki. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. An ce min ko a ranar da labari ya zo ba ta yi kuka a gaban mutane ba, kunyar nan dai har a mutuwa. Na yi mata gaisuwa, ta ce sai haƙuri, ta yi min tawa gaisuwar, don ta ce ni ne na yi rashin aboki. Na ciro langar na ajiye a gabanta. Ta daina ɓarar. Ta ɗaga murfin ta duba ciki, ta daɗe tana duba farin kwanon da babu komai.

"An ci?"

"An ci, Goggo. Tas."

"Yajin bai yi yawa ba?"

"Ya ce babu mai hannunki."

Ban shirya wannan ba, da kanta ta fito. Sai na ga kafaɗunta sun sauka, kamar wadda aka sauke wa tulu. Ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa alhamdu lillahi. Ta ce Allah ya yi min albarka, ya ba ni masu yi min. Na ce amin. Kai, wannan amin ɗin har yau tana min ɗaci a baki.

Ƙarya kuwa ba ta zama yadda ka ajiye ta. Duk zuwan da zan yi, bayan an gaisa, sai ta ce, "Ranar nan da ka kai saƙon nan, a ina ka same su?" Ni kuma sai in ƙara wani abu. Na ce a gindin wata tsamiya ya zauna ya ci. Na ce ya hana kowa dakuwar, ya cusa a aljihu. Na ce ya lashe murfin har abokansa suna masa tsiya. Wata rana har na ce ya yi shiru ya share ido. Tana saurare tana kallon ƙasa, tana ɗan murmushi. In na manta wani wuri ita ke gyara min: "A'a, ka ce tsamiya ce." Ta haddace ƙaryata fiye da ni.

Na yi ritaya, na sayi tsohuwar a-kori-kura, na shiga jigilar hatsi da gyaɗa tsakanin Ƙaraye da Rogo. Hanya ta zama ta ƙofar gidanta. In na wuce ban tsaya ba sai ta aiko a ji ko lafiya. In na tsaya kuwa sai an kawo abinci, kuma a cikin langar nan ake zuba min, ni kaɗai. Jikokinta ba mai taɓa ta. Tuwon dawa, faten wake, ɗanwake, duk a ciki. Wallahi da a ba ni a langar nan gara a zuba min a tafin hannu. Amma haka nake zama in cinye tana kallona, in ce ya yi daɗi, shekara tara.

Na taɓa zuwa wajen wani malami a garinmu, na kewaya na ce wani abokina ne aka ba saƙo bai kai ba. Malam ya dube ni ta saman tabarau ya ce haƙƙin mutum ne wannan, istigfari kaɗai ba ya wanke shi, sai mai shi ya yafe. Ya ce masu haƙƙin biyu ne, ɗaya ya riga ya tafi, ɗaya tana nan, don haka abokin nawa ya yi sauri. Na fito ina jin haushinsa, ina cewa shi me ya sani. In na faɗa ai ba ni kaɗai zan ji ciwo ba. Abu ɗaya tsohuwar nan take riƙe da shi a duniya, cewa ɗanta ya san ta tuna da shi kafin ya mutu. In ƙwace mata don ni in samu barci? Da wannan hujjar na cinye shekara huɗun ƙarshe a cikin taran nan. Hujja ce mai kyau, sai dai na san rabinta tsoro ne kawai.

Bara bayan Babbar Salla ta kwanta ciwo, har aka fara kiran dangi. Na je da hantsi. Na same ta a kan gado ta zama ƙashi da fata, amma hankalinta garau. Ta sa matar ɗanta na biyu ta kawo min kunu, a cikin langar, ta ce a ba mu wuri. Na zauna a ƙasa langar tana hannuna. Sai ta fara neman gafara, yadda tsofaffi suke yi in sun ji jiki.

"Ɗan yayana, ka yafe min."

"Haba Goggo, me kika yi min?"

"Na ɗora maka kaya. Kana aikin hukuma, ga hanya ba lafiya, na ɗora maka langa don son zuciyata. Ban taɓa tambayarka ko ka sha wahala ba. Ka yafe min."

Duk abin da na tara shekara tara a nan ya rushe. Ita ce take roƙona! Na ajiye langar a ƙasa. Na ce, "Goggo, ban kai ba." Na gaya mata komai, ludayin, da kantar sito, da kwalayen sabulu, da ramin da na haƙa. Na ce babu tsamiya, ni na ƙirƙire ta. Ina magana ina kuka kamar ba ni ne mai zagin mutane a tasha ba.

Ina jin kaji suna tono a tsakar gida.

"To wa ya ci?"

"Babu wanda ya ci."

"Ka zubar?"

"Na zubar."

"Duk sojojin nan, babu ɗan wata da yake jin yunwa? Ai na ce maka ka ba wanda yake so."

Ni da na yi shekara ashirin da biyu ina kai wa mutane abinci, ni da zan tashi mutum tsaye a kan gwangwanin shinkafa ɗaya da ya zube, ni na juye abinci a rami. Na sunkuyar da kai ina fatan a nan za ta tsaya. Ba ta tsaya ba.

"Da ka je wajen wancan hannu rabbana, ya tambaya?"

Na san abin da take nufi. Na kuma san zan iya yin ƙarya ɗaya ta ƙarshe, ƙarama, in ce bai san na je gida ba. Harshena har ya ɗauko ta. Amma ta juyo ta dube ni sosai, na ga ba za ta karɓi wata ba.

"Ya tambaya, Goggo."

"Ka ce me?"

"Na ce kina gaishe shi."

"Shi ya ce me?"

Na faɗa mata yadda ya faɗa, ban rage ba: cewa ya san halin abarsa, ko sunansa bai taɓa shiga bakinta ba.

Ta juya a hankali ta fuskanci bango. Na ɗauka shi ke nan, ta gama da ni. Sai na ji ta kira sunansa. Shekarata hamsin da ɗoriya ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har na ɗan kasa gane shi. Ta kira sau ɗaya a hankali, ta sake kira da ƙarfi, yadda uwa take kiran yaro ya shigo abincinsa yana hucewa. Matar ɗanta ta shigo a guje ta tsaya a bakin ƙofa ta rasa abin yi. Goggo ta yi ta kira, ta yi ta kuka, kukan da ba ta yi ba ranar da labari ya zo. Ni kuma ina zaune a ƙasa, kunu ya yi sanyi a gabana.

Ba ta rasu ba. Ta tashi, tana nan har yau, tana fitowa bakin ƙofa da sanda. Ban ji ta ce ta yafe min ba, ni ma ban samu bakin sake roƙo ba. Ina tsayawa duk ranar da na bi ta hanyar, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa, ta tambayi mutanen Kurugu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta sake tambayata a ina na same su ba. Abinci kuma bai daina fitowa ba, don ko sau ɗaya ba ta bar ni na tashi da yunwa ba. Sai dai yanzu a farantin roba ake kawo min, irin wanda ake bai wa kowane baƙo. Langar ban sake ganinta ba, ban kuma tambaya ba.